Ranar da Baba Mita Ya Yabi Gwamnati

Sunan ya kama shi ta fuska biyu. Duk ƙarfinsa a hukumar ruwa ya ƙarar da shi, yana bin gida-gida yana karanta mita, da ya yi ritaya kuma sai ya koma yin mita, irin wadda ba ta da ranar hutu. Saboda haka in aka ce Baba Mita a ofishin fansho, ba mai tambayar wa ake nufi.

Dogon tsoho ne, wuyansa ya ranƙwafa saboda shekarun da ya yi yana leƙa ramin mita. Fatar idonsa na hagu ta sauko ta tsaya a rabi tun wani ciwo da ya kwantar da shi, ba ta rufewa, ba ta buɗewa duka. Har yanzu da biro da ƙaramar tocila a aljihun gabansa, kamar za a kira shi aiki. Wurin zamansa bencin da ke gaban tagar ƙarshe, inda tsofaffin ma'aikata ke zuwa su nuna fuska a tabbatar suna raye kafin a ci gaba da biyansu. Ko ba ranar tantance shi ba ce yakan zo, wai raka abokai. Ya yi mitar fankar da iskarta ba ta kai wa benci, ya yi mitar ƙusar da ke yaga wa mutane wando, ya yi mitar famfon banɗaki da ke ɗiga.

"A ofishin gwamnati fa," yakan ce. "Da a layina ne, da tuni na rubuta su."

Abin da ya fi ci masa rai shi ne, tunda yake, ba wani na gwamnati da ya taɓa zama ya ce masa, "Kai me ka gani?"

Ana haka aka ɗauki wata yarinya aiki, ba ta daɗe da gama jami'a ba. Ita ce ƙarama a ofis, sai aka sa mata Auta. Hukuma tana so ta rufe tagar ƙarshe ta mayar da tantancewa cikin waya, aikin Auta kuwa shi ne ta ji ta bakin masu zuwa tagar, ta rubuta rahoto. Da rahoton nan darakta zai yanke ko a rufe ko a bari. Ta zo da zumuɗinta, ta tsara tambayoyi, ta nufi benci. A bakin ƙofa ogan sashensu ya tare ta.

"Ina zuwa?"

"Zan fara tambayar su, Oga."

"Da izinin wa? Doka ta hana ma'aikaci tattara bayani daga jama'a sai kwamiti ya duba tambayoyin ya sa hannu. Kin tura musu?"

"Na tura. Yaushe za su zauna?"

"Za su zauna. Kafin nan ki yi ta kallo, kallo ba laifi ba ne. Amma ban da tambaya, ban da rubutu."

"In na ce wa mutum ina kwana fa?"

"Wannan gaisuwa ce."

"In na ce yaya gajiyar layi?"

"Wannan kam ta fara shiga tambaya. Ki kiyaye."

Auta mai tsoron laifi ce tun tana makaranta, kuma wannan ne aikinta na farko. Da ta zauna ta lissafa sai ta ga gaisuwar ma duk tambaya ce: ina gajiya, yaya jiki, yaya iyali. Sai ta koma cewa "sannunku" kawai, ta raɓe a ƙarshen benci, hannu a cinya. Ba a yi nisa ba Baba Mita ya saka ta cikin jerin abubuwan mitarsa, tsakanin fanka da famfo.

"Yaran yanzu," ya ce wa na kusa da shi, yadda za ta ji. "Digiri ya cinye gaisuwa."

Kunya ta sa ta faɗa masa gaskiya. Ya saurara da kai a karkace, sannan ya juyo gaba ɗaya.

"Tsaya, 'yata. Gwamnati ta ɗauke ki don ki tambaye ni."

"E, Baba."

"Kuma gwamnati ta hana ki ki tambaye ni."

"Sai kwamiti ya zauna."

"Gwamnati ɗaya ce ko biyu?" Ya gyara zama. "To, an hana ni in tambayi kaina?"

Ta yi tunani, ba ta tuna Oga ya hana wannan ba.

Daga ranar aka buɗe fage. Baba Mita zai ƙanƙance murya ya ce, "Baba, yaya ka ga sabuwar tantancewar waya?" sannan ya koma muryarsa ya ce, "Madalla da wannan tambaya, yarinya mai hankali." Benci ya ɗauki dariya. Ya bayyana mata cewa wayarsa mai madanni ce, sai ya jira babbar 'yarsa ta dawo daga aiki ta ara masa tata. Wata rana ma ya zo da wayar 'yar tasa don Auta ta gani da idonta. Ya ɗaga ta saitin fuskarsa, wayar ta ce ya juya dama, ya juya. Ta ce ya juya hagu, ya juya. Ta ce ya kifta ido. Na dama ya kifta, na hagu ya tsaya inda yake. Wayar ta ce ba a tabbatar ba, a sake gwadawa.

"Kin gani? Matata ta yarda ina da rai. Sauro ma ya yarda. Waya ta ce a'a. In aka rufe tagar nan, wa zan je in yi wa rantsuwa ban mutu ba?"

Sauran ma suka buɗe baki: mai rawar hannu da ba ya iya riƙe waya daidai, da tsohuwar ungozoma da jikanta ya canza mata lambar sirri ya tafi makaranta. Auta ta ji duka, yatsunta na ƙaiƙayin biro, amma ba ta rubuta ko harafi ba. Ta riƙa lallashin kanta cewa ranar da izini ya zo, sai dai ta rasa inda za ta zuba magana.

Izinin ya zo bayan ta fara fidda rai. Ya zo da takardar da dole ta karanta wa kowa kafin ta fara, kalma da kalma, ba ƙari ba ragi. A rubutunta ta ce "hira". Lauyan kwamiti ya soke ya sa "bincike", wai ita ce kalmar da ke cikin doka. Auta ba ta ga wani abu ba, ai a jami'a bincike suke cewa, har kundin bincike ta rubuta kafin ta gama. Kwamiti ya kuma ce don kare sirrin mutane ba a benci za a yi ba, sai a keɓe. Aka ba ta wani ɗan ɗaki a bayan ma'ajiyar fayiloli, tebur ɗaya, kujeru biyu, ba taga.

Baba Mita ta fara kira, don shi ne babbar shaidarta. Ya shigo yana mitar ƙofar da ke ƙara. Ta ajiye rikoda a tsakiyar tebur, ta danna, jar fitila ta kama.

"Wannan bincike ne da hukuma take gudanarwa," ta karanta. "Za a ɗauki muryarka, za a adana abin da ka faɗa."

Ba ta ɗago ba sai da ta kai ƙarshe. Da ta ɗago, sai ta ga kamar an canza mata mutum. Ya miƙe baya, ya haɗa gwiwoyi, ya ɗora tafuka a kai.

"Baba, yaya ka ga sabuwar tantancewar waya?"

"Lafiya lau, ranki ya daɗe."

Ta yi dariya, ta zaci wasan nasa ne. Shi bai yi ba.

"Babu wata wahala da ka sha da ita?"

"Babu. Ci gaba ne. Muna godiya ga hukuma."

"Zancen kifta ido fa?" Wannan ba ya cikin tambayoyin da aka amince da su, suɓutar baki ta yi.

"Laifin idona ne, ranki ya daɗe. Waya ba ta da laifi."

"In aka rufe taga fa?"

"Duk abin da manya suka gani daidai ne."

Da ya fita, ta ji shi ta ƙofa yana faɗa wa 'yan benci ƙasa-ƙasa, "Bincike ne. Kowa ya iya bakinsa." Mai rawar hannu ya shigo ya ce waya ta hutar da shi. Ungozoma ta sa wa darakta albarka tun daga farko har ƙarshe. Wasu ma suka sulale gida ba tare da an tantance su ba.

Oga ya saurari rikoda yana kaɗa kai. "Kin ga amfanin bin ƙa'ida? Kowa ya gamsu."

"Oga, wallahi ba haka suka faɗa a benci ba. Na ji da kunnena."

"Kafin izini ko bayan izini?"

"Kafin."

"To ba ki ji komai ba."

Ta roƙi a bar ta ta cire kalmar ta sake yi. Ya ce sauya ko wasali ɗaya a takardar sai an koma kwamiti, darakta kuwa rahoto yake jira. Ta rubuta abin da ke cikin rikoda, ta miƙa. Ba a jima ba aka manna sanarwa a jikin tagar ƙarshe cewa za a rufe ta ƙarshen wata. Auta ta daina bi ta gaban benci, ta koma zagayawa ta ƙofar baya. Ko gidan Baba Mita ba ta da ikon zuwa, don ɗauko adireshi daga fayil ma laifi ne.

Matarsa ce ta zo ta same ta. Gajeriyar tsohuwa mai kaifin ido, ta tsaya a kan teburinta, shi kuma yana bayanta yana kallon silin.

"Ke ce kika hana maigidana cin abinci?"

"Inna, ni ce ya kashe. Duk abin da ya faɗa mini, da aka kunna rikoda sai ya juya."

"Me kika ce masa za ki yi?"

"Bincike."

Inna ta ja kujera ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba. Ta ce lokacin da take goyon babbar 'yarsu, an taɓa kiran sa bincike a wurin aiki kan mitocin da suka lalace a layinsa. Ɗaki ne ba taga, da rikoda a tebur. Aka ce ya saki jiki ya faɗi gaskiya, shi kuwa abin nema ya samu, ya zazzage musu duka, har da wanda ba a tambaye shi ba. Aka dakatar da shi. Kafin a mayar da shi, keken ɗinkinta ya bar gidan, ƙarin girma kuma ya wuce shi har ya yi ritaya.

"Tun daga nan, ko likita ya ce zai yi masa binciken jini sai ya ce ya warke," in ji ta.

"Da kin ce hira," Baba Mita ya ce da silin. "Me ya hana ki ce hira?"

"Na ce, Baba. Lauya ya soke."

"Lauyan yana zuwa tantancewa?"

Haushi ya cika Auta har ta rasa wanda za ta ji wa, shi ko lauya ko kanta. Ta jawo takardar don ta nuna wa Inna inda aka soke, sai idonta ya sauka kan layin ƙarshe. Ta karanta wa kowa shi, amma a lokacin ba mai saurare, har ita: duk wanda ya yi magana yana da ikon janye ta a kowane lokaci, kuma dole a goge.

Ta karanta musu a hankali. Baba Mita ya sauko da ido daga silin.

"Janyewa ba laifi ba ce?"

"Ba laifi ba ce. Dokar ce da kanta ta ce."

"Ba za a sake kira na ɗakin nan ba?"

"A nan za ka sa hannu, a gaban Inna."

Ya zaro tocila, ya haska layin da rana tsaka, ya bi shi da yatsa yadda yake bin lambar mita. Ya daɗe. Sai da Inna ta ce, "Malam, in ba za ka sa ba ni in sa maka," sannan ya zaro biro. Daga nan ya fita ya bi benci mutum-mutum kamar yadda yake bin gidaje a da, yana sa kowa ya janye maganarsa, waɗanda ba su zo ba ya bi su har gida. Kafin ƙarshen wata ba muryar da ta rage a rikoda.

Oga ya riƙe kai. "Rahoto ba mutum ko ɗaya a ciki? Kin san abin da darakta zai ce?"

"Ƙa'ida ce, Oga," ta ce.

Ba a rufe taga ba tare da rahoto ba, ba a yin rahoto ba tare da sabon izini ba. Auta ta sake tura takarda, da "hira" a ciki, da dogon bayanin dalili. Aka ja layi a kan sanarwar, aka rubuta "an ɗage" da jan biro. Oga ya daina amsa gaisuwarta sai da kai. Har yau ba ta san abin da lauya zai yi da kalmar ba.

Baba Mita ya koma bencinsa. Da ta zo wucewa kwanan baya ya tsayar da ita.

"'Yata, kwamitin nan har yanzu bai zauna ba?"

"Bai zauna ba, Baba."

"Wace irin gwamnati ce wannan? Takarda guda, kalma guda, a yi ta jan ƙafa."

"Baba, muddin ba su zauna ba, tagar nan a buɗe take."

"Na sani," ya ce, ya gyara wandonsa daga kan ƙusa. "Amma ai ba daidai ba ne."