Baffa Ba-Yau-Ba

Auta ta fara jin sunan ne a bakin Gwaggo, tun tana 'yar firamare. An aike ta ta noƙe, sai Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "To, ga jinin Ba-Yau-Ba ya fara motsi." Tsakar gida ta kaure da dariya. Daga baya ta gane ashe ƙanin babanta ake nufi, uwa ɗaya uba ɗaya: dogon nan mai tsuke baki da kan zo jefi-jefi, ya ɗosana a bakin tabarma ko jakarsa bai sauke daga kafaɗa ba.

Da gyaran rediyo ya fara, ya yi karatun lantarki da guminsa, har ya samu aikin zagaya asibitoci yana gwada injin hoton ƙirji da na ƙashi. Ba gyara yake yi ba, kuma ba ya ɗaukar kowa hoto. Nasa shi ne ya duba farantin nan da ake jingina ƙirji a kai, wanda ke kama hoton ya tura wa kwamfuta, ya ce yana faɗin gaskiya ko ba ya faɗi. In bai gamsu ba, sai ya leƙo ya dubi masu layi ya ce, "Ba yau ba," ya ja ƙofa. Ba sannu, ba haƙuri. Ma'aikatan asibiti suka laƙaba masa sunan, ya biyo shi har gida. Gwaggo ta rantse cewa matarsa ta haɗa kayanta ne ranar da ya ɗaga sabon zanenta a rana yana neman inda rini bai kama ba.

Shekarar da Auta ta gama sakandare tari ya kama Baba, ya rame har hula ta yi masa yawa. Likita ya ce a yi hoton ƙirji. Da suka isa asibiti suka ji Baffa ne a ciki yana gwaji, Inna har da murmushi. "Yau dai rashin fara'ar nan zai yi mana rana," ta ce.

Matar da ke ɗaukar hoton ta ga Baba ba zai iya tsayuwa ba, ta shigar da shi bayan gilashi ta ba shi kujera, Auta na riƙe da kafaɗarsa. Daga nan Auta ta ga aikin Baffa. Ya manna wani allon roba mai siraran layuka da ƙananan da'irori a jikin farantin, ya dawo bayan gilashi ya danna. Ya ƙura wa kwamfuta ido yana bin layukan da bakin biro. Sannan ya cire allon, ya ɗauki hoton wayam, babu kowa babu komai a gaban farantin. Ya kamata fuskar kwamfutar ta fito toka-toka sumul. Amma ko Auta ta hango inuwar da'irorin ɗazu a kwance, dishi-dishi. Ya jira, ya sake. Suna nan.

"Farantin yana riƙe hoton da ya gabata," ya ce wa matar. "Wanda ya shiga zai fita da inuwar na gabansa a ƙirji. Kashe."

"Oga, yayanka ne fa a zaune."

"Na gan shi."

Inna ta turo ƙofa. "Baffan yara, me nake ji? Mutum ɗaya! Ɗauki ɗaya!"

"Ba yau ba."

"Ni za ka gaya wa ba yau ba? Wa ya goya ka zuwa makaranta in ba wannan da ke tari a gabanka ba?"

"Shi ya sa ba zan ba shi hoton ƙarya ba. Ku je babban asibiti."

"Kai dai an yi ɗan'uwan banza. Ƙarfe ka sani, ba ka san jini ba."

Baba ya ɗaga hannu, tari ya hana shi magana. Da ya lafa ya ce, "Ƙyale shi. Tun yana yaro haka yake." Baffa bai juyo ba, yana naɗe waya.

A babban asibiti layi ya kai bakin titi, yau a ce likita bai zo ba, gobe a ce a dawo. Makonni suka shuɗe kafin a ɗauki hoton, aka ce abin ya riga ya ci huhu. Ba a daɗe ba Baba ya rasu. Babu likitan da ya ce jinkirin ne ya kashe shi, gidan kuma bai tsaya tambaya ba. Ranar zaman makoki Baffa ya miƙa wa wan Auta, direban motar haya, hannu. Direba ya bar hannun a iska.

"Gaisuwa ka zo?" ya ce. "Ba yau ba. Gobe ma ba."

Tun ranar aka hana shi ƙofar gidan. In ya aiko da saƙo, Inna ta mayar da ɗan aiken tun daga zaure.

Auta ce mai tattara hotunan dangi, babu kuwa na Baba yana saurayi. An ce Baffa na da ɗaya. Ta je a ɓoye. Ɗaki ɗaya ne a bayan wani shagon walda: katifa, tukunya, rigar dalma mai tare hasken injin hoto rataye a ƙusa.

"Uwarki ce ta aiko ki ki ƙarasa zagin?"

"Ba ta san na zo ba. Kuma ba don kai na zo ba, Baffa, hoton Baba na zo karɓa."

"Madalla. Bakin nan nata ne sak."

Ya zaro hoton daga ƙasan akwati, ya goge shi da gefen riga ya miƙa mata. Ita kuwa abin da ke cinta ya fito.

"Da za ka sake samun ranar nan, za ka buɗe?"

"A'a."

Ta juya za ta fita, idonta ya cika. Har ta sa takalmi ɗaya ya kira ta, da wata murya da ba ta san shi da ita ba.

"Auta. Hoton ƙirjin da suka ɗauke shi a can, yana ina?"

"Cikin wayar Yaya. Ka san ba zai ba ka ba."

"Na sani. Ni ba likita ba ne, ko na gani ban san cuta ba. Amma injin can ba ni nake gwada shi ba, ban taɓa sa shi a ido ba, na tura yayana wurinsa. Ki lallaɓa ki turo mini. So nake in ga ko ya fi wanda na rufe."