Dilruba Apa, Sun Yanka Kazar Ruwanki

Daga Allah muke, kuma komai daɗewa wurinsa za mu koma. Da hantsin ranar Talata, biyu ga watan Afrilu, Allah ya karɓi ran Dilruba Khanom a wani asibiti a Sylhet, bayan ta yanke jiki ta faɗi a kan kujerarta ta ofis. Ta bar mahaifiya da miji da 'ya ɗaya. Mu da muka yi aiki a ƙarƙashinta a ƙungiyar taimakon manoman fadama ba mu taɓa kiran sunanta gatsau ba. Apa muke ce mata, kamar yadda ake kiran kowace yaya.

Apa, na so in rubuta miki ta'aziyya mai sanyi, irin wadda ake karantawa a share hawaye a tashi. Na kasa. Raina a ɓace yake, kuma ba da mutuwa nake fushi ba, ita aiko ta aka yi. Fushina da mutanen da suka kashe aikinki da hannunsu tun ƙasar kabarinki ba ta bushe ba, shinkafar jama'a ta nutse, sannan suka fito suna cewa manhajarki ce ta gaza. Ba ki da bakin kare kanki yanzu, amma ni ina da shi.

Shekarar da na zo ofishin nan, kaina ya kumbura da takardar jami'a. Kika ce in rubuta 'yar manhaja da za ta riƙa duba ma'aunin ruwan kogi. Na rubuta, na tayar da ita a baƙar tagar nan ta allon kwamfuta da muke buga umarni, lambobi suna ta zuba, ni kuwa ina ta hura hanci. Kika zo kina tauna ganyen pan, wanda ake tauna kamar goro, ko kallon lambobin ba ki yi ba, kika miƙa yatsa kika rufe tagar. Komai ya tsaya cak.

Kika ce, "Moin, ina ma'aikacin naka?"

Na ce, "Apa, ai ke kika rufe."

Kika ce, "To in ka tafi cin abinci fa? In ka yi aure? In ka mutu? Wannan ba ma'aikaci ba ne, ɗan goye ne. Ruwa zai tsaya jiran ka goya shi?"

Ranar kika koya mini abin da nake ci da shi har yau. Manhajar da za ta yi tsaro a bayan fage, sai an yaye ta. Tana tashi sai ta haifi irinta, uwar ta fita, 'yar ta yanke cibiya daga tagar da aka tayar da ita, ta saki duk abin da ya ɗaure ta da wanda ya kunna ta. Daga nan ka rufe taga, ka kashe fitila, ka tafi ƙauyenku, ita tana nan tana aiki. Kuma tunda ba ta da allon da za ta yi magana a kai, dole a ba ta rajista, fayil ɗin da za ta riƙa rubuta duk abin da ta yi. Na taɓa cika tawa rajistar da dogon turanci, kika goge rabi. Kika ce a rubuta lokaci, a rubuta abin da ya faru, a rubuta wanda ya yi, ban da kwalliya.

A kan wannan tsari kika gina Dahuk, kika sa mata sunan kazar ruwan nan da ke kuka a cikin ciyayi idan damina ta kusa. Fadamun Sunamganj sau ɗaya suke ba da shinkafa a shekara. Idan aka yi ruwa a duwatsun arewa, kwana ɗaya ko biyu ya isa ya gangaro ya karya jinga ya haɗiye gonaki, galibi a daidai lokacin da shinkafar take neman ƙosawa. Manomi in ya yanka da wuri ya kwashi ƙaiƙayi, in ya makara ya kwashi ruwa. Dahuk ce take karanta ma'aunan kogi dare da rana, idan ta ga ruwa ya ɗaga kai sai ta buga wayar dattawan ƙauyuka.

Da farko saƙon tes take aikawa. Kika shiga kwalekwale kika je da kanki, kika tarar rabin dattawan nan sai an nemo mai karanta musu. Kika dawo kika shige ɗakin ajiya, kika lulluɓa da bargo don hayaniyar titi, kika naɗi saƙonnin da muryarki, da harshen ƙauye tsantsa. Mun yi ta yi miki dariya, ke ma kina yi. Daga shekarar nan wani dattijo, Toyob Ali Chacha, wato Baffa Toyob Ali, bai taɓa fashin kawo miki buhun sabuwar shinkafa ba, ke kuma ba ki taɓa kai buhun gida cikakke ba. Mai shara ya ɗiba, direba ya ɗiba. Lokacin da matata ta kwanta asibiti, ke kika riƙa aiko mana da shinkafar nan da miyar busasshen kifi, kika ɗauke mini aikina har ta tashi, ba ki taɓa tayar da zancen ba.

Abu ɗaya ya gagare ki, kuma shi ya jawo duk wannan. A babbar kwamfutar ofis, kowace manhaja tana aiki ne a ƙarƙashin wani asusu. Kin nemi a buɗe wa Dahuk asusu nata na kanta, wanda ba na kowane mutum ba, kamar yadda duk wanda ya san aikin nan yake yi. Darakta Mostafiz Chowdhury ya ƙi sa hannu. Ina tsaye a bayanki ranar.

Ya ce, "Doka ta ce kowane asusu sai da ma'aikaci. Wace ce Dahuk? Ina hotonta? Ina katin shaidarta? Masu bincike su zo daga Dhaka in ce musu na ɗauki kaza aiki?"

Kika ce, "Sar, in tana ƙarƙashin sunana, ranar da aka rufe sunana an yanka ta."

Ya yi dariya ya ce, "Haba Dilruba, ina za ki? Ke da za ki binne mu duka."

Shekara bayan shekara kina komawa, yana maimaita wasan nan nasa kamar sabo. Haka kuma kin sa Dahuk ta riƙa yin kururuwa idan wani ya tsayar da ita, ta buga wayar manyan ofis. Ɗaya bayan ɗaya suka sa aka cire lambobinsu, wai tana damunsu a lokacin taro duk sanda wuta ta ɗauke. Lambarki da tawa suka rage. Bara Sar ya mayar da ni Dhaka, duk da kin roƙe shi ya bar miki ko mutum ɗaya, aka rufe asusuna aka cire lambata. Kika rage ke kaɗai.

Yanzu ga abin da nake so duk mai karanta wannan ya riƙe. Mutuwarki ba ta taɓa Dahuk ba. Mun yi miki sallah, mun rufe ki, mun watse, ita tana nan tana karanta kogi. Kashegari ruwa ya ɗan motsa, ta buga wayoyi da muryarki: "Salamu alaikum, Dilruba ce. Ruwa ya fara tashi. Na gangare ku yanka yau. Na tudu ku saurara, zan sake kira." Na gangare suka fita da lauje, shinkafarsu tana rumbu yanzu haka. Yayen da kika yi mata ya kama. Kin gina abin da ba ya buƙatar ki kasance da rai, kuma ya nuna haka.

Ranar da ofis ya shirya miki taron addu'a, aka kafa hotonki, aka raba alewa, Sar ya yi jawabi har muryarsa tana rawa, yana cewa aikinki zai dawwama. Da aka tashi, ya tsayar da Jalil Bhai, jami'in da ke kula da kwamfutocin ofis, ya ce a rufe asusun mamaciya kafin ƙarshen mako, kada masu bincike su ga sunan wanda ba ya cikin ma'aikata. Jalil Bhai da bakinsa ya ba ni labarin nan a rumfar mai shayi. Ya buga umarnin, kwamfutar ta ƙi. Ta ce masa akwai abin da yake aiki a ƙarƙashin wannan suna. Ƙarfe da waya sun yi gardama, Apa. Ya koma ya faɗa wa Sar.

Sar ya ce, "Wane aiki kuma? Matar da ta rasu? Wata taga ce ta manta ba ta rufe ba. Kashe komai ka share, Jalil, kada ka mayar da ni ɗan aikenka."

Ya kashe, ya share, har da rajistar shekarun nan duka, har da lambobin dattawan ƙauyuka. Dahuk ta yi kururuwarta kamar yadda kika koya mata, ta buga lamba ɗaya tilo da aka bar mata. Wayarki tana kashe a cikin akwatin mahaifiyarki, an naɗe ta a gyalenki.

Ba wanda ya lura, domin manhaja irin wannan in tana lafiya shiru take, in ta mutu ma shiru take. Wanda yake so ya bambanta sai ya buɗe rajista, su kuwa ba su taɓa buɗewa ba ko tana nan. Bayan 'yan kwanaki sama ta tsage a duwatsu. Jinga ta karye da rana tsaka, mutanen tudu suna zaune da laujensu a wase, suna jiran kiran da aka ce musu za a sake yi. Abincin shekara guda na ƙauyuka da dama ya kwanta a ƙarƙashin ruwa.

Sai ofis ya fitar da sanarwa, wai tsohuwar manhajar da wata ma'aikaciya ta rubuta ita kaɗai ta samu matsala, kuma za a kafa kwamiti. Wata ma'aikaciya! Ko sunanki ba su iya faɗa ba, amma sun iya ɗora miki kaya. Kun zaɓi wadda ba za ta iya tashi ta ƙaryata ku ba, wannan kuwa ragwanci ne, kuma ina faɗa da sunana, Moinul Hasan. Kun share rajistarta, to ga wata nan na rubuta yadda ta koya mini: lokaci, da abin da ya faru, da wanda ya yi.

Juma'ar da ta wuce ina zaune a gidanku tare da mijinki, Shamsuzzaman Bhai, sai ga Toyob Ali Chacha ya yi sallama. Sai bayan ruwa ya ci gonarsa ya ji labarin rasuwarki. Babu buhu bana. Ya kwance gefen mayafin kafaɗarsa, ya zube wa mahaifiyarki 'yar shinkafa da ba ta wuce cikin tafi biyu ba, baƙa, tana warin ruwa. Nutso ya yi ya yanko ta. Ya ce bai saba zuwa gidan nan hannu rabbana ba.

Ya juyo wurina ya ce, "Ɗana, ba ƙorafi na zo yi ba. An ce injin nata ne ya lalace. Ita ma mutum ce. Amma ta ce za ta sake kira, kuma ba ta taɓa yi mana ƙarya ba, shi ya sa muka zauna."

Na ce, "Chacha, yaushe ta kira ku na ƙarshe?"

Ya ce, "Laraba, bayan azahar."

Na ce, "Talata muka binne ta."

Na faɗa masa komai, ban rage wa kowa ba.

Ya ce, "Wato tana cikin kabari ta yi mana magana." Ya miƙe yana kaɗe mayafinsa. "Masu rai ne suka toshe mata baki. Wannan zan kai shi ƙauye da ƙafata."

Ya kai. Yanzu haka yana bin ƙauyuka a kwalekwale yana tattara lambobin da aka share. Ni kuma ina da kwafin Dahuk da kika tilasta mini in ajiye, da muryarki a ciki. Na tayar da ita a wata kwamfuta da ba ta ofishin kowa ba, a asusu mai sunanta, ban nemi sa hannun kowa ba. Wannan ba zai fito da shinkafar bana daga ruwa ba, kuma ba zan yi kamar zai fito da ita ba.

Allah ya jiƙanki, Dilruba Apa. Allah ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi, ya yafe miki kurakuranki, ya sa Aljanna ce makomarki. Khala, mahaifiyar Apa, ke da kika binne 'yar da kika so ta binne ki, Allah ya ba ki haƙurin da ya fi ƙarfin mutum. Shamsuzzaman Bhai, Allah ya riƙa maka. Mehjabin, duk wanda ya ce miki aikin mahaifiyarki ya gaza, ki kalli idonsa ki ce ƙarya yake yi. Manoman da suka yi asara, Allah ya mayar muku da mafi alheri. Waɗanda suka yanke wa baiwar Allah sadakarta mai gudana kuwa, bakina bai iya yi musu addu'a ba tukuna, na bar su da Wanda rajistarsa ba a share ta.

Ya Allah, kowane kira da muryarta za ta sake yi, ka sa shi a mizaninta. Ta ce za ta sake kira, ka cika mata alkawarinta. Amin.