Wanda Ake Kawo Wa Kofi

Shekara ashirin da bakwai Lyle Brubaker bai taɓa zama a teburin cacar kartar poka bai fara zagaya ɗakin sau biyu ba. Tafiya yake kamar mai neman bayan gida, alhali ido na aiki. Teburin da ake ƙyalƙyala dariya, ana kurɓar giya tun da hantsi, can abincinsa yake. Wanda ya yi tsit, kowa ya toshe kunne ya ja hula, ko kallon arziki ba ya yi masa.

"Ni ban ce na fi kowa iya karta ba," in ji shi. "Mutum biyu kawai nake so in fi, in kuma zauna a hagunsu, sai sun buga in buga."

Da wannan ya ci ya sha a garin Laughlin tun da ya ajiye tuƙin babbar mota yana da shekara talatin da huɗu. Ba fansho, ba mata, ba wata sana'a. Ƙanwarsa Dorene da ke Fresno ta yi magana har ta gaji, ya zo ga ɗaki a bayan gidanta, shi kuwa ya rantse sai dai a kai gawarsa. Zaman kansa shi ne kaɗai abin da ya mallaka a duniya, kuma kartar nan ce ke riƙe da shi.

Ƙarfe sha ɗaya motar 'yan fansho ke isowa, Lyle kuwa ya san kansu. Shi ke ɗauko wa tsoho kofi, ya tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya da sunansu. In tsohon ya tafka wauta aka kwashe abin gabansa, sai Lyle ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ai daidai ka buga, sa'a ce ba ta zo ba." Shi bai ɗauki wannan mugunta ba ko kaɗan. Mutum in ya ji kunya tashi yake, in ya tashi kuwa kai ne da asara.

To, a 'yan shekarun nan tsofaffin suka yi ta raguwa. Wasu ƙasa ta rufe musu ido, wasu sun koma buga tasu a waya. Sai ga wasu sabbin fuskoki, masu koyon karta a kwamfuta kamar darasin lissafi. Lyle ya fara komawa gida hannu rabbana. Ya ɗora wa sa'a laifi, ya ɗora wa masu rabon karta, har sanyin ɗakin bai tsira ba.

Wata Talata yana tebur na huɗu, sai Renata, ɗaya daga cikin sabbin fuskokin nan da ke bugawa a teburin, ta ajiye masa kofi. Aikin banki ta bari ta dawo nan da zama, ba ta wuce talatin da biyar ba.

"Sukari biyu, ko, Baba Lyle? Ya gwiwar Dorene, an yi aikin?"

Har ransa ya ji daɗi. An daɗe ba a tambaye shi kowa nasa ba.

Ba a jima ba ya riƙe kartar da ko makaho ya san ta yarwa ce, ya bi Renata har ƙarshe, ta kwashe rabin abin da ke gabansa. Ta miƙo hannu ta dafa kafaɗarsa.

"Ai daidai ka buga, Baba. Sa'a ce ba ta zo ba."

Ya dubi kofin, ya dubi inda take zaune, a hagunsa.

A ɗakin nan, mai son sauya tebur Yolanda yake gaya wa, ita ke riƙe da allo a bakin ƙofa, ta rubuta sunansa ƙarƙashin lambar teburin da yake so. Lyle ya je ya ce ta mai da shi na bakwai. Da ya ɗaga kai sai ya ga sunaye huɗu a jere ƙarƙashin na huɗu, wanda ya baro. Ya kwashi kayansa ya koma na bakwai, amma idonsa na kan allon. Yana kallo Yolanda ta ɗauki tsumma ta goge sunayen nan, ta sake jera su ƙarƙashin na bakwai, na Renata ya zama na biyar.

Ya dawo wurinta.

"Yoli, tsakaninki da Allah, tun yaushe?"

Ta ƙi haɗa ido da shi. "Tun bara. Ba sa ma faɗin lamba, Lyle. Cewa suke, duk inda kake."

"Kuma ba ki gaya mini ba."

"In ce maka me? Sau nawa kai ma ka tsaya nan ka ce mini duk inda tsohon nan mai jar hula yake?"

Kunya ta rufe shi, da tsoro, irin wanda bai ji ba tun yana yaro. Ya tuna ɗakin bayan gidan Dorene, da keken ɗinkinta a lungu, da mijinta mai yawan tambaya. Ya tuna shekarunsa sittin da ɗaya, kuma ba abin da hannunsa ya sani sai karta.

Sai ya zagaya ɗakin, sau biyu kamar kullum, yana neman mutum biyun nan nasa. Tebur tara, bai ga ko ɗaya ba.

Ya koma na bakwai ya zauna. Kujerar hagunsa ta samu, Renata ta iso da murmushinta.

"Ka manta kofinka, Baba."

Ya karɓa ya kurɓa. Ya riga ya huce, amma sukarin daidai yake.