Jar Akuya Mai Tsaga Biyu a Kunne

A da, in babban jami'i zai duba aikin raya karkara, sai an aika takarda mako biyu kafin ya taso. Yanzu waya ce, yana kan hanya labari ya riga shi. Na yi shekaru ina irin wannan zagaye da baƙi masu ba da tallafi, daga Nijar har Senegal, kuma ko da Faransanci aka tarbe mu ko da Turanci, ƙauyen da ya san ranar zuwanmu yakan yi kyau fiye da kima a ranar.

Wata shekara aka turo ni gida in duba rabon awaki ga matan da mazansu suka rasu. Mai kula da aikin taubashina ne, ɗan kawuna. Da hantsi muka tsaya Dangoma ta Kalgo, ni da wata Baturiya daga masu ba da tallafin. Mata sun jeru, kowacce riƙe da igiyar akuyarta. Idona ya tsaya kan wata jar akuya mai tsaga biyu a kunnen hagu. Cikin makiyayan Gwandu na tashi, inda kowane gida ke da irin tsagar da yake yi wa kunnen dabbobinsa.

Aka tsare mu wajen cin abinci. Fura, nama, shayi, a sake dafa wani. Sai bayan la'asar muka isa Masama, gari na biyu da za mu duba. Ga jar akuyar a hannun wata tsohuwa, tana ta fizgar igiya. A bayan makaranta kuma ga sabon sawun babbar mota.

Na ja taubashina gefe. "Kai bawana, akuyar nan ta riga mu isowa. Direba gare ta?"

"Tsufa ya ci maka ido. Awaki ai kama suke yi."

"Har kunne?"

Ya daina dariya. "Na aro ne. Na gaskiyar ba su iso ba. In ka rubuta za a rufe aikin, matan su tashi a tutar babu, ni kuma a kore ni."

Baturiyar tana ta ɗaukar hoto. Na tambayi tsohuwar da Fulatanci tun yaushe akuyar take hannunta.

"Tun azahar, Alhaji. Sun ce kada in saba da ita."

Ban sa hannu a rahoton taubashina ba. Na rubuta abin da na gani, na roƙi a ƙara wa aikin wata uku. Awakin sun isa hannun matan, shi kuwa aka sauke shi. Tun daga ranar ban sake sanar da zuwana ko'ina ba, taubashina kuma bai sake yi mini wasa ba. In mun haɗu, "ranka ya daɗe" kawai yake cewa.