Ranar da Surukina Ya Tuƙa Jirgi a Kan Kwalta

Ko duk abin da na koya a duniya zai gudu daga kaina, ranar da na ɗauko jirgin ruwan surukina daga Birnin Kebbi zuwa Argungu ba za ta bi su ba. Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, ina tuƙa akori-kurar wani ɗan kasuwa, da yamma kuma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, da gemuna da komai.

Abu na farko da na karanta da kaina a wajen aji shi ne ɗan ƙarfen da ke jikin ƙofar motata. Shekara da shekaru ina ganinsa ina zaton ado ne. Ashe lambobin iskar taya ne: lamba ɗaya in mota ba kaya, wata babba in an yi lodi. Daga ranar na sayi ɗan gejin auna iska mai kamar biro, na soke shi a aljihun gaba yadda kowa zai gani.

Surukina Basarke ne, wato masunci, a ruwa ya tsufa. Shekara biyu yana jiran masassaƙi ya gama masa sabon jirgi, har aka kawo shi Birnin Kebbi, saura a kai shi gida. Na roƙi maigidana mota da 'yar tirela mai ƙafa biyu wadda muke jan injin ban-ruwa da ita. Da zan fita matata ta ce in jirgin nan ya tsage, to in nemi inda zan riƙa cin tuwo.

Muka ɗora jirgi muka ɗaure, na biya wurin mai faci tun da hantsi, kafin tayoyi su ɗauki zafi. Na sa ya ƙara wa na baya iska zuwa lambar lodi, na tirela kuma zuwa lambar da ke jikinsu. Na auna da gejina har sau biyu, ba don ina shakka ba, don dai mutane na kallo.

Sai ga tsoho ya zagayo. Su masunta ba sa yarda da goran su sai sun ƙwanƙwasa sun ji muryarsa. Ya durƙusa ya ƙwanƙwasa tayar tirela, ya kasa kunne, ya girgiza kai.

"Direba, wagga taya hwashewa za ta yi. Goran da ya yi wanga kuka ba ya kwana."

Na tsuguna, na sunkuyar da kai na ce, "To, Baba."

"Kuma ka ɗora min jirgi bisa dutse? Abu ya yi taushi kamar matashin kai, shi ne katako ba ya jin jijjiga."

"Haka ne, Baba."

Ba haka ba ne, kuma na sani. Amma mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa shiga zaurensa da takalmi ba, ta ina zan fara ce masa ya yi kuskure a bainar jama'a? Ya karɓi tsinken ashana ya danna a bawul, inda ake sa wa taya iska. Iska tana fita yana ƙwanƙwasawa, har sai da taya ta yi muryar da ta gamshe shi. Ya gama da na tirela ya koma kan na bayan mota. Mai faci ya matso ya raɗa mini, "Wancan gejin na aljihunka na zuwa biki ne?" Na ce ya yi mini shiru.

Da muka zo tashi na buɗe masa gaba, ya ƙi. Wai ba a barin sabon jirgi ya yi tafiyar fari ba kowa a ciki. Ya hau ya zauna a gindin jirgi, ya ɗora filafilinsa a cinya, wato abin tuƙinsa. Nan ma na ce to.

Har muka wuce Gwadangaji lafiya lau, don a hankali nake tafiya. Da hanya ta miƙe na ɗan taka, sai na ji bayan mota ya fara rawa. Tirela ta yi dama, ta yi hagu, tana kaɗa mota kamar jelar kifi. Na duba madubi, me zan gani? Tsoho ya gyara zama, ya kama filafili hannu biyu, in jirgi ya karkata dama ya tuƙa iska ta hagu, in ya koma hagu ya sauya hannu. Fuskarsa ba alamar tsoro, aiki kawai yake yi. Wasu mata da ke bakin hanya suka sauke tallarsu don su kalla da kyau.

Da ina da hankalin yau, nan zan tsaya. Amma tsayawa na nufin in faɗa masa dalili. Sai na rage gudu na ci gaba, ina addu'a. Rana ta take, kwalta ta yi zafi, warin roba ya fara shigowa ta taga. Taya mai ƙarancin iska in ta ɗauki nauyi lanƙwashewa take yi tana murza kanta, har ta dafu.

Mun wuce rabin hanya, a wata kwana mai gangare, tayar tirela ta hagu ta fashe. Tirela ta durƙusa gefe guda, igiya ta tsinke, na taka birki. Mota ta tsaya, jirgi bai tsaya ba. Ina kallo ya sulale ta gefe, ya bi gangaren nan a kan ciyawa da surukina a ciki, bai tsaya ba sai tsakiyar fangalin albasar wani bawan Allah.

Na diro da gudu. Na tarar da shi zaune daram, hula ta karkace, filafili na hannu. Mai gonar ya dafa fartanyarsa ya dube shi ya ce, "Sannu da zuwa, Baba. Amma ka yi sammako, ruwa ba ya isowa nan sai damina."

Tsoho ya gyara hularsa. Ya fito ya bi jirgi yana ƙwanƙwasawa daga kai har gindi, ni kuwa ina biye. Da ya ce, "Bai tsage ba," sai na zauna a kan albasar mutane.

Muka hauro bakin hanya ya taɓa ɗaya tayar, ya janye hannu da sauri don zafi. Ya juyo ya dube ni.

"Direba, ka san haka za ta yi?"

"Na sani, Baba."

"Kuma kac ce min to?"

"Kunya ce, Baba."

"Kunyarka ta kai ni gonar albasa. Ka riƙa yi min ita a zaure. Bisa hanya gaskiya nika so."

Manoma suka taru aka turo jirgi. Na sa safaya, muka zauna a inuwa tayoyi suka huce, wani ya kawo famfon babur. Tsoho ya ce shi ya fitar da iskar, shi zai mayar da abarsa. Ya tuɓe riga ya hau bugawa, in ya yi ashirin ya tsaya yana haki ya ce, "Mi biron naka ya ce?" In auna in ce da saura. Ban taɓa faɗa wa suruki "da saura" sau da yawa kamar ranar ba, kuma bai ji haushi ko sau ɗaya ba. Sai la'asar muka shiga Argungu, tirela na biye da mota tiryan-tiryan.

Har ya bar duniya ban shiga zaurensa da takalmi ba. Amma duk ranar da na je da mota sai ya fito ya ƙwanƙwasa taya, ya kasa kunne, sannan ya ce in kawo biro mu ji ta bakinsa. Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, nauyin da aka ɗora wa taya shi ke faɗin iskar da za ta sha, ba girman wanda ke tsaye a kanta ba. Kuma in ka san gaskiya ka ce wa babba to, ba girmama shi ka yi ba, tura shi gangare ka yi.