Tutocin Baba Jibir

Shekara talatin da ɗaya Baba Jibir ya yi a reluwe, nan tashar Kafanchan, yana ba jiragen ƙasa hannu da tuta ja da tuta kore. Da ya yi ritaya, tutocin nan biyu ya kawo gida da wani tsohon agogon aljihu. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa. Ranar da aka binne maigidana, shi ya jera kujerun masu gaisuwa, ya tafi masallaci, ya dawo ya kwashe su. Siriri ne, ba ya ɗaga murya, ba ya latti.

A layinmu kuwa halinmu ɗaya da wuta. Da an kawo ta sai kowa ya ruga. Mai guga ta jona dutse, mai hitar dafa ruwa ta jefa a bokiti, Misbahu ya tayar da injin walda, Emilia ta tayar da na markaɗe, ni ma in kunna firij ɗin ƙanƙarata, don ba wanda ya san yaushe za a ɗauke. Haka muka yi ta yi har taransfomarmu ta ƙone. Wata bakwai muna cikin duhu. Na koma sayar da zoɓo mai ɗumi, wanda ba mai so.

Da aka kawo sabuwa, ma'aikacin da ya haɗa ta ya faɗa mana a fili, ba za ta ɗauki injuna da gidaje lokaci ɗaya ba. Kowa ya gyaɗa kai ya tafi. Baba Jibir kaɗai ya tsaya. Kwana uku ina ganinsa a gindinta, ya karkata kunne yana jin kukanta.

Sai ya tara mu ƙarƙashin mangwaro.

Ya ce, “Layin dogo ɗaya ne ya shigo daga Kaduna, amma ban taɓa barin jirgi biyu a kansa ba. Ɗaya ya jira, duka su isa.”

Misbahu ya ce, “To, Oga Tasha, wa zai jira? Ni dai ba ni ba.”

Aka yi dariya, amma aka yarda. In ja tana sama, awa huɗu na injuna ne, gidaje su tsaya ga ƙwan lantarki da fanka da firij. In kore ce, a yi guga a dafa ruwa, injuna su huta. In an ɗauke wuta, wanda ke jira shi ke farawa in ta dawo. Ya ɗaure sanda a jikin mangwaron, ya sa kujerarsa da agogonsa. Shekara biyu taransfoma ba ta yi tari ba.

Sai bikin autarsa Ruƙayyatu ya zo, ranar Asabar. Tun Litinin ba wuta. Baƙi daga Kachia sun cika gida, anko a jakunkuna duk ya yamutse. Ranar Juma'a da hantsi wuta ta dawo, kuma juyin injuna ne. Ina shanya na ga ya fito da jar tuta.

Matarsa Nene ta biyo shi ba ko takalmi.

“Malam, wace tuta ce a hannunka?”

“Wadda ya kamata.”

“Gobe ake ɗaura wa 'yarka aure! Haka za mu fita kamar an kwance mu daga ƙunshi?”

Misbahu ya ɗaga gilashin waldarsa ya ce, “Baba, sauke jar nan. Na yafe juyina, Ruƙayyatu ƙanwata ce.”

Baba Jibir ya ce, “Na gode. Amma in na sauke yau don tawa, gobe mai suna zai zo, jibi mai baftisma. Ranar da aka hana wani, zai jona abinsa da fushi. Sai mu koma wata bakwai.” Ya nuna layin bokitai a ƙofar Emilia. “Waɗancan tun Litinin suke jira.”

Emilia ta leƙo ta ce, “Nene, ai shinkafar masarki ce ta uku a layi. In kashe?”

Nene ta juya. Ta shige gida, ta bugo ƙyaure.

Na shiga ɗaki na roƙi Ubangiji ya riƙe wutar nan har ƙarfe biyu, a ɗaga kore. Bai ga dama ba. Ƙarfe ɗaya da rabi aka ɗauke. Na leƙa, Baba Jibir na zaune da agogo a tafin hannu, yana kallonsa kamar bai san shi ba. Ban taɓa ganin tsufa a jikinsa ba sai ran nan.

A ƙarƙashin gadona akwai dutsen guga na gawayi, wanda nake goge wa maigidana rigar mawaƙan coci da shi. Tun rasuwarsa ban taɓa shi ba. Na ciro, na share ƙura, na bi gidajen matan zumuntar cocinmu ina neman irinsa. Kafin la'asar mun tara guda tara. Misbahu ya kawo buhun gawayi a babur, yana cewa shi ne sabon kamfanin wuta. Muka shimfiɗa barguna a tsakar gidan Nene, muna hura garwashi muna yayyafa ruwa, har muka gama kafin magariba.

Babbar rigar Baba Jibir, Nene ta ce ba mai taɓawa sai ita. Wani ɗan garwashi ya faɗo a kafaɗar rigar ya yi huda kamar ƙwayar gero. Na ga lokacin da ta gan shi, ba ta yi saurin kaɗewa ba.

Da rigar ya je ɗaurin aure. Ya nuna mini hudar ya ce, “Maman Serah, kin ga tarar da aka ci ni?”

Wuta ta dawo ran Lahadi bayan mun taso coci, ya ɗaga kore. A watan jiya aka yi suna a gidan Misbahu, juyin injuna ya faɗa a ranar, kuma ba wanda ya je wurin mangwaro roƙo. Matarsa dai ta aiko a ba ta aron dutsena.