Ranar da Aka Saki Kekuna a Hanyar Yasore

Da sunan Allah nake fara wannan tuni. Ƙanena ya soma tseren keke ne a shekarun da muka baro ƙauyenmu muka dawo cikin Batsari da zama, saboda ɓarayin daji sun hana mu kwana a gida. Ni ne babba a ɗakinmu, shi ne auta. Ni nake kiran salla a ƙaramin masallacin unguwarmu, saboda haka kullum idan na fito da asuba nakan tarar da shi a zaure yana ba taya iska, yana jira a idar da salla ya hau titi.

Su biyar ne a ƙungiyarsu. Kekunansu duk na gwanjo ne, masu siraran tayu da lanƙwasasshen kai, kowanne an yi masa faci har ba a ƙirga. Wanda ya fi kusa da shi a cikinsu taubashinmu ne, ɗan kawunmu, mai sayar da nama a kasuwa. Ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Kai bawana," in ji taubashin, "da waɗannan ƙafafun naka kamar karan dawa za ka bi ni?"

"Kai dai rage cin kitse," in ji ƙanena. "Sirdin nan kuka yake tun daga kasuwa, ina jin sa."

Mahaifinmu bai taɓa son abin ba. Ko da muka dawo gari bai saki gonarsa ba. Da damina yakan tafi da safe ya dawo kafin la'asar, kuma ƙarfinsa ya fara raguwa. Da labari ya zo cewa wani koci mai horar da 'yan tseren keke daga Katsina zai zo a farkon wasannin shekara ya ɗauki mutum biyu daga yankinmu, sai Baba ya kira auta ya zaunar da shi a gabana.

"Na ba ka daga nan zuwa ruwan farko," ya ce. "In sun ɗauke ka, ka tafi da albarkata. In ba su ɗauke ka ba, ka rataye keken nan ka ɗauki fartanya, kada kuma in sake jin maganar."

"Na ji, Baba."

Tsere biyu kocin ya shirya. Na farko shi ne gudun agogo: ana sakin mahaya ɗaya bayan ɗaya, da tazarar minti guda, kowa shi kaɗai, ba a yarda ka laɓe a bayan wani ba, agogo ne kawai zai faɗi wanda ya fi sauri. Na biyu kuma zagaye ne a cikin garin Safana, kowa da kowa a tare, ana ta kewaya tituna kaɗan har a cika adadin da aka yanka. Kowa ya san ƙarfin ƙanena a gudun agogo yake. Mutum ne mai iya jure wahala shi kaɗai. A cikin cunkoso kuwa yana tsoron kwana.

Ranar gudun agogo zafin bazara ya riga ya shigo. Aka loda mahayan da kekunansu a bayan a-kori-kura aka kai su can wajejen Yasore, don su taso daga can su ƙare a bakin Batsari. An sanar da mai gari. An sanar da 'yan sa-kai, har suka fita da sassafe a kan babura da bindigoginsu don su tsare hanya. An kuma faɗa wa maza a masallatan ƙauyukan da ke bakin titi. Duk muna ganin an gama shiri.

Ni da Baba muna tsaye a wurin ƙarewa. Ya ce wai wucewa ya zo yi, amma bai wuce ba. Na farko ya iso, na biyu ya iso, taubashinmu ya iso baki buɗe, ya faɗi a gefen titi yana haki. Ƙanena shi ne na huɗu a jerin saki. Muka zuba wa hanya ido. Sai ga na biyar. Sai ga na shida. Na tare shi tun bai sauka ba na tambaye shi, ya ce shi dai ya ga mutane suna gudu a wata 'yar unguwa, ya ga keke a yashe a gefen kwalta, bai ga mai shi ba.

Wanda bai zauna a ƙasarmu a waɗannan shekaru ba ba zai san abin da wannan magana take yi wa zuciya ba. Baba ya koma gefe. Ya nemi gindin wata dalbejiya ya zauna, ya fito da carbi. Ni kuma na tsaya ina maimaita innalillahi. Har an ta da babura za a bi sawu, sai muka hango shi yana tafe, hular kwanonsa a rataye a kan keke, yana taka feda a hankali kamar mai dawowa daga cefane.

Ga abin da ya faru, yadda ya ba ni labari, kuma mutanen unguwar suka tabbatar mini daga baya. Ranar kasuwa ce, mazan da aka faɗa wa a masallaci duk sun tafi, kuma babu wanda ya kai maganar cikin gida, don suna ganin wasan samari ne. Mata da yara da tsofaffi ne kawai suka rage. Da sassafe sun ga 'yan sa-kai sun wuce da bindigogi, hankalinsu ya riga ya tashi. A wajenmu kuwa, tun da aka shiga wannan hali, duk wanda ya taho da sauri daga wajen daji, wajibi ne ya ɗaga murya ya ce lafiya, ko da ba a tambaye shi ba. Ko mai babur yakan sassauta ya faɗa. Shirun mai gudu shi ne mummunan labari.

Wata mata tana bakin rijiya mahayi na farko ya wuce, kai a sunkuye. Ta ƙwala masa kira, "Lafiya?" Bai ko waiwaya ba. Ba a jima ba na biyu ya wuce haka. Da taubashinmu ya zo, yara sun fito kan titi, sai ya yi ta kaɗa musu hannu su kauce. Mata suka ɗauka cewa yake yi kowa ya gudu. Kafin ƙanena ya iso, unguwar ta watse. Masu goyo sun yanki gonaki, an bar tukwane a kan wuta, awaki sun bazu.

Ya ce mini da zai iya wucewa, don akwai hanya a tsakiyarsu. Abin da ya sa ya kama birki wani tsoho ne, abokin Baba tun suna samari, wanda ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa. Jikokinsa sun so su ɗauke shi, ya kore su. Ya jawo jiki zuwa ƙofar gidansa, ya fuskanci gabas, ya zauna yana kalmar shahada, yana jiran waɗanda za su zo.

Ƙanena ya yar da keke yana ihu, "Lafiya lau! Tsere ne, wallahi tsere ne!" Ba wanda ya saurare shi, don da hular nan da matsattsun kaya ba su gane shi ba. Sai da ya cire hular wata tsohuwa ta ambaci sunan mahaifiyarmu ta ce ai ɗanta ne. Daga nan ya bi waɗanda suka yi nisa da ƙafa, cikin kututturan dawa, yana kiransu suna ƙara gudu. Da ƙyar ya dawo da su. Da ya koma wurin tsohon, sai ya same shi a inda ya bar shi. Ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya riƙe hannunsa ya fara gaisuwa daga tushe: ina kwana, ina gajiya, yaya mahaifinka, yaya ƙafarsa, yaya zaman gari, yaya mutanen gida. Ƙanena ya amsa duka, bai yanke ko ɗaya ba.

Taubashinmu ne ya zo na ɗaya a ranar. Ƙanena ya zo na ƙarshe. Kocin mutum ne mai natsuwa, ya saurari labarin har ƙarshe, ya girgiza kai.

"Abin da ka yi daidai ne, ɗana," ya ce. "Amma ni lokaci aka aiko ni in duba, kuma ban ga naka ba. Wannan da ya zo na ɗaya na ɗauke shi. Saura gurbi ɗaya. Wanda ya ci zagayen Safana, nasa ne."

A kwanakin da suka biyo baya taubashin ya daina tsokana, abin da ya fi damun ƙanena ke nan. Wata safiya a zaure na ji yana ce masa, "Kai, zage ni mana. Wannan ladabin naka ciwo yake sa ni."

"To bawana, ji nan," in ji taubashin. "A Safana ka manne wa bayana kamar kaska. Ni zan sha iskar, kai ka ɓoye. Inda na karkata ka karkata. In ka taɓa birki a kwana, wallahi a kasuwa zan rataye ka tare da cinyar sa."

Haka suka shirya su biyar: huɗu za su ƙone ƙarfinsu su ja shi, shi kuma ya adana nasa sai zagayen ƙarshe. Suka yi ta gwada kwana a bayan makarantar firamare har gwiwarsa ta goge sau biyu.

A Safana an tare tituna da igiya da benci. Wannan karon sai da mai shela ya zaga gari tukuna. Mutane suka cika bakin hanya, mata suna leƙe ta saman katanga. Akwai mahaya daga Runka da Darini da cikin Safana. Aka busa usur suka tashi a dunƙule, ƙarar sarƙoƙinsu kamar ana sheƙa hatsi. Duk lokacin da suka wuce ta gabana nakan nemi auta, in gan shi a bayan taubashinsa, tayarsa ta gaba kamar za ta taɓa ta bayan wancan. Ban ga ya kama birki ba ko sau ɗaya. Abokansa suka yi ta ja suna gajiya, suna zamewa baya ɗaya bayan ɗaya, har ya rage daga shi sai taubashin, sai wani dogon saurayi daga Runka da ya maƙale musu.

A kwanar ƙarshe taubashin ya kauce yana ihu, "Tafi, bawana, tafi!" Ƙanena ya miƙe a kan feda. Na Runka ma ya miƙe. Suka taho kafaɗa da kafaɗa, ni kuwa ban san lokacin da na fara kabbara da muryar kiran salla ba. Da suka tsallake layi, tayar na Runka ce a gaba, da abin da bai kai tafin hannu ba.

Ƙanena ya je ya yi masa barka. Daga baya muka ji cewa shi ma an tashi ƙauyensu, a gidan wani kawunsa yake zaune. Taubashinmu ya zauna a bakin kwata ya rufe fuska da rigarsa, sai auta ne ya je ya ɗaga shi.

A gida Baba bai tambayi sakamako ba, ya riga ya ji. Bayan sallar magariba ya ce, "Abokina ya aiko a gaishe ka." Sannan ya ƙara da cewa, "Maganata tana nan yadda na faɗe ta."

"Na sani, Baba."

Ruwan farko ya sauka ba da daɗewa ba. Da asubar da ta biyo baya na fito kiran salla, na tarar ya ɗaure keken da igiya a jikin azarar zaure, tayoyin suna sama. Fartanya biyu suna jingine a bakin ƙofa. Da aka idar da salla ya saɓa su duka, ya bi bayan Baba.

Har yanzu ana gudun agogo a hanyar nan duk farkon shekara, in hanya ta yi lafiya. Amma ba a sakin keke ko ɗaya sai an goya ni a babur na riga su wucewa. A kowace unguwa nakan sauka, in yi sallama a ƙofar gidaje, in ɗaga murya yadda matan ciki za su ji, in ce samari za su wuce a guje kuma ba za su amsa gaisuwa ba, lafiya ce. Tsohon nan Allah ya yi masa rasuwa a damina ta biyu, a kan shimfiɗarsa, 'ya'yansa suna kewaye da shi. Allah ya jiƙansa. Ƙanena yana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, daga gona ya zo da laka a ƙafa.